Ɗanka ya zo na uku a aji, to ya iya karatu?



Duk ƙarshen kompozisiyon yaro zai shigo gida da karne a hannu, kuma tambayar uba guda ce: "Na nawa ka zo?" In ya ce na uku, a sa masa albarka, a ba shi dala ashirin ya sayi ƙosai. In ya ce na arba'in, a yi masa faɗa, wani ma har da mari. Daga nan zancen lakwal ya ƙare a gidan sai wata kompozisiyon. A ganina wannan tambaya ta daɗe tana ruɗin mu, don ba ta gaya wa uba komai a kan abin da ɗansa ya sani. Na uku cikin su wa? In aji ne mai yara 80, kuma mafi yawansu ba su iya haɗa baƙi da wasali ba, wanda ya zo na ukun ma yana iya kasa karanta layi biyu na littafin da bai haddace ba.

Kada wani ya ce ƙari nake yi. Akwai wani gwaji da ake kira PASEC, wanda ƙungiyar ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da Faransanci ke shiryawa. A 2014 an auna yaran ƙarshen firamare a ƙasashe 10, Nijar ta zo ta ƙarshe: cikin yara 100 ƴan CM2, waɗanda suka kai matsayin da ake bukata a karatu ba su cika 10 ba. A gwajin 2019 an samu ci gaba, aka kai wajen 30 cikin 100. Alhamdu lillahi da ci gaban, amma ku lissafa da kyau: yara 7 cikin 10 sun yi shekara shida suna zuwa lakwal, sun ci kaye da bik da takalma, sun fita ba su iya karanta rubutu su fahimce shi yadda ya kamata ba. Kuma a cikin waɗannan bakwai ɗin akwai waɗanda karnensu ke cewa sun samu mwayen, an wuce da su aji na gaba kowace shekara.

Abin da ke ban mamaki shi ne, mu ɗin nan ba haka muke yi da makarantar allo ba. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta san jikanta yana wace sura. In ya yi wata uku allonsa bai canza ba, za ta ɗauki mayafi ta je ta gaida malam, ta ce: "Allah gafarta malam, yaron ga lafiya? Na ga har yanzu wuri guda yake." Malam ba zai ji haushi ba, don ya san hakkinta ne. Uba yakan zaunar da ɗansa bayan magariba ya ce biya mini in ji. Amma da an zo batun lakwal sai mu naɗe hannu, mu ce wannan na gwamnati ne, na mushe ne, mu ba mu jin Faransanci. Tun zamanin da ake kama yara da ƙarfi a kai su lakwal muka ɗauki wurin a matsayin gidan hukuma, inda talaka ba ya shiga sai an kira shi. Zamanin ya wuce, tsoron bai wuce ba.

In ka zauna da uwayen da ɗiyansu ke lakwal ta gwamnati, a birni ko a ƙauye, koken kusan iri ɗaya ne. Wata uwa za ta ce ɗiyarta tana CE2 amma ba ta iya rubuta sunanta daidai ba. Wani uba zai ce ya miƙa wa ɗansa ɗan CM1 takardar likita ya karanta masa, yaron ya tsaya yana kallon ta. Wani kuma bai gano komai ba sai da yaron ya shiga sizyam, aka kore shi bayan shekara ɗaya ko biyu don ya kasa, sannan hankalinsa ya tashi, lokacin kuwa an makara. Abin da nake lura da shi a irin waɗannan labarai, kusan kullum da haɗari ake gano matsalar. Babu wanda ya kira uban ya ce masa ɗanka bai iya ba.

Kafin mu ɗora wa yaro laifin daƙiƙanci, mu ƙirga kwanakin da ya yi karatu da gaske. A takarda ana komawa lakwal farkon Oktoba a tashi a Yuni. A 2024 ambaliya ta sa aka ɗage komawar daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, wannan kowa ya gani. Amma ko shekarar da babu ambaliya, ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, an tara kuɗin itace da igiya, an samu masu kafawa. A ƙauyuka da dama Nuwamba ke shiga, wani wurin har Disamba, yara ba su zauna ba. Ranar kasuwa rabin aji ba ya zuwa, ƴan mata suna talla, maza suna dako ko kiwo. Ƙarshen wata malami ɗan kwantaragi zai tafi gari neman pekil ɗinsa, in kuɗin bai fito ba ya kwana biyu yana jira. Ga yajin aiki. Ga zafin Afrilu da Mayu, wanda ƙarfe sha ɗaya ke sa yaro barci a zaune. Ruwan farko na sauka, iska ta kwashe zanar, uwaye su janye yara zuwa shuka. Ku haɗa duka ku gani wata nawa ya rage cikin taran da aka rubuta.

Hukumomi da kansu sun taɓa faɗin cewa azuzuwan zana sun kai wajen dubu 36 a ƙasar nan. Kuma ba mu manta da abin da suka jawo ba: a watan Afrilun 2021 gobara ta kashe yara wajen 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a watan Nuwamban shekarar kuma wata ta kashe yara aƙalla 25 a Maraɗi, ƙanana ƴan shekara biyar zuwa shida. Allah ya jiƙan su, ya ba uwayensu haƙuri. Uwar da ta ga wannan, in ta yi jinkirin tura ɗanta ajin zana, ni ba zan zarge ta ba.

Malamai fa? Nan ne zance ke zafi, don kowa na da ɗan uwa a cikinsu. A 2017, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, an yi wa malaman firamare ƴan kwantaragi jarrabawa, su fiye da dubu 50, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka samu 10 bisa 20. Ƙungiyoyin malamai sun yi tir da yadda aka shirya abin, kuma suna da hujjojinsu. Amma duk wanda ya taɓa buɗe kayen ɗansa ya ga kuskure a cikin abin da aka kwafo daga tablo, ya san akwai matsala. Sai dai a yi adalci: wanda aka ɗauka aiki ba tare da isasshen horo ba, aka tura shi ƙauyen da ba ya da masauki, aka ba shi yara 80 zaune a ƙasa, littafin lektir guda na mutum biyar, kuma kuɗinsa ba ya zuwa a kan lokaci, me kake jira daga gare shi? Akwai madam da mushe da ke sayen alli da kuɗin aljihunsu, akwai masu tsayawa da yamma su maimaita wa yara ba tare da an ba su ko dala ba. Akwai kuma wanda ke rubuta darasi a tablo ya fita ƙofar aji yana danna salula har a tashi. Matsalar ita ce su biyun albashinsu ɗaya, gaisuwar da uwaye ke yi musu ɗaya, don babu mai leƙowa ya bambance su. Ansifekta yana da makarantu da yawa a kansa, wani lokacin ko man babur ba ya da shi.

Sai batun harshe. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai ya shiga CI, bai taɓa jin Faransanci ba, ana so a lokaci guda ya koyi sabon harshe kuma ya koyi karatu a cikinsa. Abin da zai yi shi ne hadda. Madam ta faɗa, aji ya amsa da ƙarfi, mai wucewa a waje ya ce kai, karatu na tafiya. Ka ɗauke littafin ka nuna masa kalmar a wani wuri, shiru. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, shekara fiye da 50 ke nan muna kiran abin gwaji. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. To madalla, amma ɗan CI bai san da wannan ba sai ranar da littafi ya iso hannunsa, da malamin da aka horar ya koyar da shi. Na san akwai uwayen da ke tsoron cewa farawa da harshen gida zai hana yaro iya Faransanci. Ni dai ina ganin wanda ya iya haɗa baƙaƙe a harshen da yake ji, ya fi saurin haɗa su a wani harshen fiye da wanda ke rera abin da bai fahimta ba.

An dawo da jarrabawar sartifika, wato CFEPD, a 2024 bayan ta yi kimanin shekara goma a soke. Na ji daɗin dawowarta, don aƙalla an samu ma'auni ɗaya ga kowa. Amma sartifika a ƙarshen hanya take. Abin da take haifarwa a wasu makarantu shi ne darakta ya tattara ƙwararren malaminsa da benci masu kyau da ajin siminti ya ba CM2, don sakamakon CM2 ne ake bugawa a ji sunan makaranta. CI da CP kuma, inda ake kafa harsashin komai, su ne a rumfar zana da sabon malamin da ya zo bana. Yaron da ya bar CP bai iya karatu ba, da wuya karatun yamma na wata uku a CM2 ya cece shi.

Wani abin da ba a cika faɗi ba: masu bakin magana sun gudu. Ma'aikaci, ɗan kasuwa mai ɗan hali, kai har malamin lakwal ta gwamnati kansa, in ya samu dama sai ya kai nasa makarantar kuɗi. Ba na ganin laifin kowa, kowa ɗansa yake ji. Amma sakamakon shi ne lakwal ta unguwa ta koma ta waɗanda ba su san ƙofar ofishin ansifekta ba, kuma ba su saba yi wa mai wando da biro tambaya ba. Ranar da rufin aji ya yaye, babu mai lambar magajin gari.

Alhali muna da makami a hannu, kuma a ƙasar nan aka ƙera shi. A 2004 ne aka fara wani shiri a jahar Tawa da taimakon Japan, na kafa kwamitocin kula da makarantu, waɗanda muka sani da COGES, ta hanyar zaɓe na ƙuri'ar sirri. Hikimar ƙuri'ar sirrin ita ce kada a naɗa ƙanen mai gari don kunya. Daga Tawa abin ya bazu ko'ina cikin ƙasa. Inda kwamitin ke da rai, jama'a kan kafa azuzuwa kafin a koma, su nema wa malami ɗaki, su shirya karatun yamma. Amma a wurare da yawa yau COGES ya koma mutum uku: shugaban da aka zaɓa tun ɗansa na CI, yanzu ɗan ya yi aure, da ma'aji, da darakta. Ana kiran taro sau ɗaya a shekara, a faɗi kotizasiyon, a yi fatiha, a watse. Mata, waɗanda su ne ke tada yaran da safe su ba su kuɗin kalaci, suna can baya a kan tabarma ba wanda ya tambaye su.

Kuma rashin jin Faransanci bai hana uwa ko uba aunawa ba. Ki buɗe kayen ɗanki ranar Juma'a ki ga ko an ƙara shafi tun Litinin, ki duba ko akwai jan bik na malami a ciki. Wannan ba ya bukatar karatu. Ka samu ɗan makwabta da ke koleji, ka ba shi littafin lektir ya buɗe tsakiya, ya nuna wa ɗanka layin da ba a yi a aji ba. Ka aike shi shago da jaka guda ka ce ya rubuta abin da ya saya da canjin da ya rage. In ya kasa, kada a dake shi, kuma kada a je a zagi malami a gaban yara, wannan ɓata abin yake ƙara yi. A je da sallama kamar yadda ake zuwa wurin malamin allo: "Mushe, ina gajiya? Na gwada yaron ga a gida na ga bai kama ba, yaya za mu yi?" Malamin kirki daɗi zai ji. Wanda ba na kirki ba kuma zai san cewa an fara dubawa.

A babban taron COGES na gaba, kafin a zo maganar kuɗi, wani ya ɗaga hannu ya tambayi darakta: kwana nawa aka yi karatu a watan da ya wuce, kuma cikin ƴan CP yara nawa ne za su iya karanta jimla guda su kaɗai? In ya ce bai ƙirga ba, a sa rana, ya gwada su a gaban wakilai biyu na uwaye, mace da namiji, a rubuta adadin a tablo, a dawo bayan wata uku a sake gwadawa.