Yajin Aikin Jami'o'i da Wurin Karatun 'Ya'yanmu

'Yan'uwa, duk gidan da ke da ɗa ko 'ya a jami'ar gwamnati bai manta da shekarar 2022 ba. Ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, ta shiga yajin aiki ran 14 ga Fabrairu, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. A 2020 ma an yi wajen wata tara. In ana wannan zance, hankali yakan tafi kan albashi. Akwai tambayar da ba mu cika yi ba: ina ɗalibi zai zauna ya yi karatu, wa kuma zai buɗe masa ƙofa?

Ruwa ba ya tsami banza. A 2012 gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu domin ya binciki bukatun jami'o'i. Rahoton ya nuna cunkoso a ajujuwa, ɗakunan gwaje-gwaje babu kayan aiki, ɗakunan kwana kuma sun lalace. Malamai sun riƙe wannan rahoto a matsayin hujja a yajin aikin 2013. Asusun TETFund, wanda sunansa ke jikin sababbin gine-gine da yawa a jami'o'inmu, ya samo tushe ne daga yarjejeniyar ASUU da gwamnati ta 1992, wadda ta haifar da harajin ilimi a kan ribar kamfanoni a 1993. Saboda haka idan malami ya ce ba don yajin aiki ba da ba a gina wannan zaure ba, yana da gaskiyarsa.

Amma gini kaɗai ba ya koyar da kowa. Asusun yana gini, yana sayen littattafai, ba ya biyan albashin mai buɗe ƙofa. A nan ne ya kamata mu gane cewa bakin ma'aikatan jami'a ba ɗaya ba ne. ASUU tana ganin gwamnati ba ta jin magana sai an ajiye aiki, tana kuma nuni da yarjejeniyar 2009 da aka yi shekaru ana jan ƙafa a kanta. Ƙungiyar CONUA, wadda ministan ƙwadago Chris Ngige ya ba takardar rajista a Oktoban 2022, tana cewa rufe aji ya fi cutar da ɗalibi fiye da gwamnati. Ga kuma SSANU da NASU, ƙungiyoyin ma'aikatan da ba sa koyarwa. Su ne ke tada janareta, su saki ruwa, su yi gadi. Gwamnatin Buhari ta riƙe albashin masu yajin aiki bisa dokar ba aiki ba biya. Da gwamnatin Tinubu ta saki na wata huɗu ga malamai ta bar waɗannan, sai suka yi yajin mako guda a Maris 2024. Ashe malami yana iya kasancewa a aji, wurin karatu kuwa yana cikin duhu.

Don haka duk jami'ar da za ta tsara wurin karatu, ta tsara shi da sanin cewa ranar yajin aiki tana iya zuwa. A yi zaure mai ƙofarsa dabam da ta babban laburare, wanda mutum biyu za su iya kula da shi. A sa masa sola da manyan tagogi, domin kada rashin wuta ya kori ɗalibai. Ya kasance kusa da ɗakunan kwana, musamman na 'yan mata, gama tafiyar dare tana hana da yawansu fita karatu. A ware ƙananan ɗakuna inda ɗalibai za su koya wa juna ba tare da sun dami masu son shiru ba. Littattafai kuma a zuba su a intanet, yadda ɗalibar da aka sallama gida Zonkwa ko Biu za ta buɗe su a waya. Gobarar da ta ci laburaren Jami'ar Jos a Oktoban 2016 ta koya mana haɗarin tara kome a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Abin da ya fi bulo da siminti muhimmanci shi ne shawara. A zauna da dukan ƙungiyoyin tun ana zana taswirar ginin, a rubuta ayyukan da ba za a tsayar ba ko ana yajin aiki. Ma'aikacin da aka nemi ra'ayinsa, aka kuma biya shi haƙƙinsa a kan kari, ba zai yi saurin sa kwaɗo a ƙofa ba.

Mu iyaye, kada mu tsaya ga zagin malamai, kada kuma mu wanke su sarai. Mu tambayi 'yan majalisarmu inda aka kwana kan alkawuran da gwamnati ta sa wa hannu. Mu tambayi hukumar jami'a ko ƙarfe nawa ake rufe wurin karatu. Idan kuma aka sake koro yaranmu gida, mu nema musu ɗaki mai tebur da fitila a unguwa, su riƙa haɗuwa suna bita har ranar da za a kira su.