Ziyarar Alƙalawa da Hubbare: Wa Muke Ba Jagorancin Mota?

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, al'adar nan ta haɗa kuɗi a ɗauki shatar mota a kai ɗaliban Islamiyya ko iyayenmu mata ziyarar wuraren tarihi sananniya ce gare mu, mu mutanen Kurawa da Sabon Birni da Isa. Wasu daga cikin 'yan'uwa suna ganin a hana ta ɗungum, saboda abin da suka ga ana aikatawa a bakin kaburbura. Mu dai ba mu tare da su a kan hanawar. A ganinmu alherin tafiyar da sharrinta suna rataye ne a wuyan mutum ɗaya, wato jagoran da ke tsayawa a gaban mota yana yi wa jama'a bayani.

Mun taɓa bin irin wannan ayari. Aka bi ta Goronyo, aka yada zango a Wurno inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, sa'annan aka zarce Hubbaren Shehu a Sakkwato. Tun daga tashi har sauka jagoranmu bai ba mu komai ba sai labaran al'ajabi waɗanda ba su da tushe balle makama. Da aka isa, sai ga wata baiwar Allah tana shafa bango tana shafe fuskarta, wani kuma yana ƙulle ƙasa a bakin rigarsa wai maganin ciwon ciki. Babu wanda ya ce musu kanzil. A hanyar komowa wani yaro ya tambayi garin da aka haifi Shehu da shekarar da ya rasu, mota ta yi tsit, har shi jagoran.

To, hukuncin a fili yake. Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi izinin ziyarar kaburbura domin tuna lahira, ya kuma koyar da yi wa mamata sallama da addu'a. Roƙon biyan bukata kuwa ga Allah kaɗai ake yinsa, kuma masallatai uku ne kawai aka hore a yi musu tafiya takanas domin ibada: na Makka, da na Madina, da na Ƙudus. Saboda haka niyyar mai hawa motar nan ita ce neman ilmi da lura da ƙarshen al'ummomin da suka gabata. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, wanda aka haifa a Maratta a 1754 ya kuma rasu a Sakkwato a 1817, shi ya wallafa Ihya'us Sunna domin raba sunna da bidi'a, har a sha'anin jana'iza da maƙabartu. Ina ladabi ga malami, a je gaban kabarinsa a raya abin da ya ƙarar da rayuwarsa yana kashewa?

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, a duk tsawon wannan tafiya ba a ko ambaci Alƙalawa ba, alhali kufanta na nan kusa da mu a yankin Sabon Birni, bakin gulbin Rima. Nan ce fadar Gobir tun tsakiyar ƙarni na 18, zamanin Sarki Babari. Daga nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, wanda Shehu ya ƙi karɓar kyautarsa ranar Idi a Magami, ya nemi a maimakonta a bar shi ya yi wa'azi, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. A Tsuntsuwa, dab da birnin, aka yi wa jama'ar Shehu mummunar ɓarna a ƙarshen 1804, watanni kaɗan bayan nasarar Tabkin Kwatto, har mahaddatan Alƙur'ani wajen 200 suka yi shahada. Sai a 1808 birnin ya faɗi, aka kashe Sarki Yunfa. Yaron da aka tsayar a kan tudun tsohuwar ganuwa aka jero masa wannan, ya ga gonaki a inda dā fada take, ya samu darasin da allo ba ya iya ba shi.

A nan ne kuma jagora jahili ya fi haɗari. Yawancin masu cika motar Gobirawa ne, jikokin mutanen wannan birni da na waɗanda suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Idan mai bayani ya mai da jihadi yaƙin Fulani da Hausawa, to ya yi wa tarihi ƙarya, domin Shehu a ƙasar Gobir ya tashi, kuma Hausawa da yawa, irin su Malam Abdussalami na Gimbana, suna cikin jama'arsa tun farkon lamari. Irin wannan ƙarya a yankin da jini ke zuba tsakanin maƙwabta daidai take da zuba wa wuta fetur.

Maganar jini kuwa ta kawo mu ga hanya. Ba mu manta da matafiyan da 'yan bindiga suka ƙona cikin mota kusa da Gidan Bawa a watan Disamba na 2021 ba, Allah Ya karɓi shahadarsu. Ziyarar tarihi ba farilla ba ce, kiyaye rai kuwa wajibi ne. Kada wani kwamiti ya ɗebi 'ya'yan mutane sai ya tabbatar da lafiyar hanya daga jami'an tsaro da masu unguwanni, ya fita bayan hantsi, ya sauka kafin la'asar. Idan hanya ba ta biyuwa, a ajiye kuɗin shatar, a karantar da tarihin a makaranta har Allah Ya kawo sauƙi.

Ranar da aka samu damar tafiya, muna ba rassanmu shawara su zaɓi malami wanda ya karanta Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, ya yi wa matafiya bitar ladubban ziyara tun kafin direba ya tada mota. A ware wa mata kujerunsu da malama tasu. A Sakkwato kuma a keɓe awa biyu domin gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, kowane ɗalibi da littafinsa da alƙalaminsa.