Ƙarfen Motsa Jiki A Gida: Mai Noti Ya Fi Mai Maɓalli

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi da ya riƙa ƙarfafa tsokarsa aƙalla kwana 2 a mako. Ɗan kasuwar da harkoki suka ɗaure a shago zai iya cika wannan a gida da ƙarfen ɗagawa wanda ake ƙara wa nauyi ko a rage.

Iri biyu ne a kasuwa. Mai maɓalli, kamar BowFlex 552, yana sauya nauyi nan take, daga kimanin kilo 2 zuwa 24. Sai dai kuɗinsa na bin dala, kayan gyaransa kuwa sai daga waje. A watan Yunin 2025 ma an janye sama da miliyan 3 na ƙarafan BowFlex a Amurka, saboda fayafayensu na suɓucewa su ji wa masu ɗagawa ciwo.

Mai noti kuwa sanda ce da fayafayen ƙarfe kawai. Sauya nauyinsa na ɗaukar lokaci, amma idan ya lalace mai walda zai gyara shi. Don haka wanda ya san zafin nema ya zaɓi mai noti, ya kuma tabbata notin na ɗauruwa tamau kafin ya biya.