Lafiya Uwar Jiki: Jarumi da tumbi, ina aka haɗu?

Kai jama'a! A lokeshan, da zarar an saki kiɗa ake gane wanda ya ajiye tumbi. Kafin a gama baiti biyu na rawa sai ka ga jarumi yana haki, darakta na ta tsaida aiki, furodusa kuma na lissafin kuɗin hayar kyamara da man janareta.

Uzurin 'yan fim kullum ɗaya ne, wai babu lokaci. To, a 1996 wani masani ɗan Japan, Izumi Tabata, ya gwada wani tsari a kan keken motsa jiki: daƙiƙa 20 da iya ƙarfinka, daƙiƙa 10 hutu, har sau takwas. Minti huɗu kacal kenan! Ana iya yinsa da gudu ko tsallen igiya, amma a fara ɗumama jiki, sabon shiga ya bi a sannu, mai hawan jini kuwa ya fara ganin likita.

Sai batun ciki. Lemon kwalba da lodar taliya tsakar dare na cikin masu kawo tumbi. Wake, zogale, ƙwai da ruwa sun fi amfani.

'Yan wasa a kula, kyamara ba ta rufa asiri, 'yan kallo kuma ba sa yafiya!