Mahaifar Roba da Makomar Bakwaini a Ƙasar Hausa

Bahaushe ya daɗe da sanin bakwaini, watau jaririn da ya zo duniya tun cikinsa bai cika wata tara ba. Sunan ma daga bakwai aka samo shi, domin a sanin mutanen da, ɗan wata bakwai shi ne mafi ƙanƙantar jaririn da ake sa ran zai rayu. Ungozoma takan naɗe shi da zannuwa, a hura wuta a ɗaka, sauran kuwa a bar wa Allah. Da asibiti ya zo sai aka sami kwalba, wadda ke ɗumama jariri har ya yi ƙwari. Yanzu kuma masana kimiyya sun fito da wata dabara da ake kira mahaifar roba, wadda ta cancanci malamai da ɗalibai su yi mata duban tsanaki tun ba ta iso ba.

A shekarar 2017 wasu likitoci na Asibitin Yara da ke Filadelfiya ta Amurka, a ƙarƙashin Alan Flake, suka ba da rahoton cewa sun ciro 'ya'yan tumaki takwas daga cikin iyayensu ta hanyar tiyata, suka sa su cikin jakunkunan roba masu cike da ruwa irin na mahaifa. An haɗa cibiyar kowane da na'ura mai sa wa jini iskar shaƙa, zuciyarsa ce kuma ke tura jinin da kanta. Wasunsu sun kai mako huɗu a ciki, huhunsu na girma, gashi na tsiro musu. Manufar ita ce a ceci jaririn da aka haifa a mako na 23 ko na 24, wanda huhunsa bai nuna ba, har injin numfashi kan ji masa rauni. A watan Satumba na 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tara masana domin su duba sharuɗɗan gwada ta a kan ɗan Adam.

Ya kamata a lura cewa wannan na'ura ba ta ƙirƙirar ciki. Cikin da ya riga ya yi wata biyar a jikin uwa take ƙarasa reno. Saboda haka babu dalilin yi mata kallon shiga hurumin Ubangiji, tun da ceton rai yana daga cikin manyan manufofin shari'a. Amma duk da haka akwai tambayoyi masu nauyi da ke tattare da ita.

Tambaya ta farko ita ce, yaushe aka haifi wannan yaro? Ranar da aka ciro shi daga cikin uwarsa, ko ranar da aka buɗe jakar? A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, jaririn da bai yi kuka ba bayan haihuwa ba ya gado, ba a gadonsa, ba a kuma yi masa salla. To, wanda ke cikin jakar ruwa ba ya shaƙar iska, balle ya yi kuka, alhali zuciyarsa na bugawa, yana motsi, likita na ganinsa. In ya rasu bayan kwana goma a ciki, ɓari za a kira shi ko mamaci? In mahaifinsa ya rasu a tsakani, iddar uwar ta ƙare tun da ciki ya rabu da ita? Daga wace rana za a fara ƙirga kwana bakwai na suna? Daɗin daɗawa, malaman fiƙihu sun ɗauki wata shida a matsayin mafi ƙarancin lokacin ciki, a kansa kuma suka gina hukuncin danganta ɗa ga ubansa. Ɗan mako 23 bai kai wata shida ba. Waɗannan al'amura ne da za su iya raba zumunci a gaban alƙali, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Tambaya ta biyu ta shafi uwa. Jijiyoyin cibiya sukan tsuke jim kaɗan bayan haihuwa, don haka sai an yi wa mace tiyata kafin a iya mai da jariri cikin jakar. Tiyata a wannan lokaci na ciki ta fi haɗari, tana kuma iya shafar haihuwarta ta gaba. A ƙasar Hausa sau da yawa miji ko surukai ne ke yanke shawara a asibiti, kunya kuma takan hana mai cikin fari buɗe baki. Ita ce za a tsaga, saboda haka wajibi ne yardarta ta zo gaba da ta kowa, bayan an yi mata bayani da harshen da take ji.

Tambaya ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce ta adalci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an haifi bakwaini miliyan 13.4 a shekarar 2020, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu. A ƙasashen da ba su da wadata, rabin jariran da aka haifa a mako na 32 ko ƙasa da haka suna mutuwa saboda rashin ɗumi da nono da maganin cututtuka masu sauƙi, alhali a ƙasashe masu arziki kusan dukansu suna rayuwa. Alal misali, macen da naƙuda ta taso wa cikin dare a Saulawa ta Ƙaramar Hukumar Ikara, ko a wani ƙauyen Maƙarfi ko Kudan, sai an nemo mota, in lamarin ya yi tsanani a kama hanyar Zariya zuwa Asibitin Koyarwa na Shika. Wadda ta haihu a ɗaka ko a hanya, mahaifar roba ba ta da abin da za ta yi wa ɗanta, ko da an kafa ta a kowane asibiti. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuwa ya nuna cewa mafi yawan matan arewa maso yamma a gida suke haihuwa.

Abin da irin wannan jariri yake bukata an riga an san shi. Tun 1978 wani likita mai suna Edgar Rey ya fara sa mata a birnin Bogota na Kolambiya su goya bakwaini a ƙirji, fata da fata, saboda ƙarancin kwalabe. Wani bincike da aka buga a 2021, wanda asibitin koyarwa na Ile-Ife ya shiga, ya nuna cewa fara wannan goyo nan take ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin ɗari. Bahaushiya ba baƙuwar goyo ba ce, daga baya zuwa ƙirji kawai za a koya mata ta mayar. Akwai kuma allura mai araha da ake yi wa mace in an ga alamar haihuwa kafin lokaci, domin huhun jaririn ya nuna da wuri.

Saboda haka aiki ya kasu uku. Malaman shari'a da likitoci su zauna tun yanzu su tsai da matsayin jaririn da ke cikin jaka. Masana harshe su zaɓar wa na'urar sunan da zai fahimtar da jama'a, domin suna mai tsoratarwa kan sa a guji magani. Hukumomi kuwa su fara da awon ciki, da horar da ungozomomi, da motar ɗaukar masu naƙuda, da wutar da ba ta ɗaukewa a ɗakin jarirai. In har ɗan wata bakwai bai tsira a Saulawa ba, kashe dukiyar jama'a a kan na'urar ɗan wata biyar zai zama fifita 'ya'yan masu hali a kan 'ya'yan talakawa.