Lafiyar Iyali: Me ya sa ɗaya ya kwanta, ɗan'uwansa ya tsira?

Iyaye, a wannan fitowa za mu leƙa Gadarif, a gabashin Sudan, inda dubban Hausawa suka yi kaka-gida tun zamanin tafiya Makka a ƙasa. A ƙauyukan bakin kogin Atbara da na Rahad akwai wata cuta da ake kira kala-azar. Wani ƙwaro da bai kai sauro girma ba ne ke yaɗa ta, yana zaune a baƙar ƙasa mai tsagewa, cikin itatuwan aduwa da dushe, ya kuma fi cizo da bazara. Alamunta su ne zazzaɓi mai daɗewa, rama da kumburin saifa. In ba a yi magani ba, kusan kullum ajali ne ƙarshenta.

Abin mamaki shi ne, yawancin waɗanda ƙwayar cutar ta shiga jikinsu ba sa kwanciya. Yara biyu kan kwana a tabarma ɗaya, ɗaya ya rame, ɗaya ya ci gaba da wasansa. Masana daga Khartoum da Faransa sun bi diddigin wannan a ƙauyen Barbar El Fugara, suka ga cutar ta fi bin wasu zuri'o'i. A 2003 suka bayyana cewa wani yanki na kromosom na 22 yana da hannu a ciki.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar cutar tana ɓuya ne cikin makrofaj, wato irin fararen ƙwayoyin jiki masu haɗiye cuta su kashe. Cikin kowane makrofaj akwai umarnin gado kusan 20,000 na ƙera furotin, amma ba duka ake karantawa lokaci guda ba. Kamar rumbuna ne a gida: abin da aka buɗe shi ake ci. In an buɗe na yaƙi da wuri, a kashe baƙon. In an yi jinkiri, baƙon ya hayayyafa.

To, wa ke riƙe da makullai? Ƙasa da kashi 2 cikin 100 na DNA ɗinmu ne ke ƙera furotin. Daga sauran, wanda a da aka ɗauka tarkace ne, ake kwafo dogayen zaruruwan RNA, masu haruffa fiye da 200, waɗanda ba sa ƙera furotin. Aikin wasunsu buɗewa da rufewa ne. A 2014 aka bayyana ɗaya mai suna THRIL, wanda ke taimaka wa ƙwayoyin garkuwar ɗan'adam su fitar da TNF, sinadarin da ke yin shelar yaƙi da cuta.

Darasinmu biyu ne. Na farko, kada mu zargi uwa da sakaci, ko maƙwabci da sammu, don ɗa ɗaya ya kwanta. Jikuna ba su amsa cuta iri ɗaya. Na biyu, gado ba hukuncin kisa ba ne. Yunwa da ƙanƙantar shekaru suna raunana garkuwa, abinci da gidan sauro kuwa suna hannunmu. Gwajin jini na 'yan mintoci yana gano cutar, kuma a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurai biyu na kwana 17 a gabashin Afirka.

Saboda haka, duk yaron da zazzaɓinsa ya kai mako biyu, maganin maleriya bai saukar da shi ba, a kai shi asibiti a ranar, musamman in an taɓa yin cutar a gidan. Mu sanar da danginmu na Gadarif. Sai fitowa ta gaba.