FINAFINAN WAJE: Ashirin ɗin da ta kashe bos

Duk wanda ya kalli zango na huɗu na Stranger Things, shirin nan na Netflix da ya fito a 2022, da wuya ya manta da wannan fitowar. Can a filin ƙwallon kwando Lucas na shirin jefa ƙwallon ƙarshe. Nan kuma a wani ɗaki ƙanwarsa Erica (Priah Ferguson) ta damƙe wata 'yar ƙwaya irin ta lido, sai dai ita fuska 20 gare ta. Bos Vecna ya gama da kowa, saura ita da Dustin. Dustin ya jefa, 11 ta fito, ya kuskure. Erica ta jefa, sai ga 20! Ɗaki ya kaure da ihu.

Mai karatu zai ce, to me ye abin ihu a 20?

Wasan da yaran ke yi sunansa Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974. Kusan fim ne ake yi da baki. Ana zama a kewaye tebur, kowa ya ɗauki rol ɗinsa, wani mayaƙi, wani boka, wani ɓarawo. Mutum ɗaya shi ne kamar darakta, shi ke ba da labari, shi ke riƙe da dodanni. In jarumi ya kai sara sai ya jefa ƙwaya. In 20 ta fito, to an yi sara a kan gaɓa ke nan, ɓarnar ta fi ta kullum.

Ga inda abin yake. Labarin shirin a 1986 yake faruwa, kuma littafin dokokin wasan na wancan zamani babu wannan doka a cikinsa. Shi kansa Gygax bai ƙaunace ta ba sam. Wani wasan daban, Empire of the Petal Throne na 1975, shi ya yi suna da ninka ɓarna a kan 20, 'yan wasa kuwa suka ara suka yafa. Ashe Eddie Munson (Joseph Quinn), daraktan teburin su Erica, dokar gida ya yi amfani da ita, kamar dai yadda kowace majalisar lido ke da nata hukuncin a kan wanda ya ci shida sau uku a jere. Sai a bugu na uku, na 2000, ta zama cikakkiyar doka, shi ma da sharaɗin sai an sake jefawa a tabbatar.

Har yau rigimar ba ta mutu ba. Bugun 2014 ya ce in 20 ta fito, a jefa ƙwayar ɓarna sau biyu. To amma a ce takobin jarumi ƙwaya mai fuska 8 ce: ya jefa sau biyu, 1 da 1 suka fito. Biyu ke nan! An yi ihu, an doki tebur, ƙarshe ko ƙwarzane bos bai ji ba. Haba! Shi ya sa wasu tebura ke cewa a fara ba shi 8 ɗin cif, sannan ya jefa sau ɗaya a ɗora, ko ya rasa zai tashi da 9. Matthew Mercer na shirin Critical Role kuwa sau ɗaya aka riƙa jefawa a teburinsa, a ninka abin da ya fito.

Dokar 8 cif ɗin ta fi daɗi, ba musu. Sai dai wuƙa ce mai baki biyu, don dodanni ma suna jefa ƙwaya, kuma 20 na fito masu kamar kowa, kusan sau ɗaya cikin jifa 20. Dodo dama don ya mutu aka kawo shi, fitowa ɗaya yake yi a manta da shi. Shi kuwa ɗan wasa wata shida ya yi yana renon jaruminsa, ya san sunan uwarsa da garinsu, kuma duk mako ana kai masa sara. Ranar da wani ɗan ƙaramin yaron bos ya dace da 20, jarumin ya tafi, babu “kot”, babu a sake ɗauka.

Wasu daraktocin tebur sai su raba: 'yan wasa su ci 8 cif, dodanni su tsaya a dokar littafi. Son kai ne ƙarara, amma irin wanda kowane daraktan fim ke yi wa jaruminsa, wanda za a harba sau goma harsashi ɗaya ya same shi, shi ma a kafaɗa.